Hayaƙin Babbakar Kawu Sambo

Ja'afaru Labaran,
Layin Makaranta, Badarawa, Kaduna.
14 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Duba-gari,
Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: BABBAKA DA TSOFAFFIN TAYOYI A BAYAN GIDANA

Bayan gaisuwa da ladabi, ina kawo ƙarar Malam Sambo Haruna, mai babbakar kai da ƙafa. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwarta. Da nauyin zuciya nake rubutun nan.

1. Tun da itace ya yi tsada ya koma ƙona tayoyi. Hayaƙin a ɗakin 'yata Bilkisu, mai shekara shida, yake sauka.

2. Ranar 6 ga Mayu numfashinta ya sarƙe, aka kwantar da ita a asibiti. Likita ta bayyana mini cewa a bangon hanyar iska akwai ƙwayoyin halitta cike da 'yan jakunkunan majina. Hayaƙi na taɓa su sai su juye abin da ke cikinsu, su motse, su sake cika. In abin ya zama kullum sai su kumbura, majina ta toshe hanya. Ta ce na Bilkisu ba sa samun hutu.

3. Na same shi a gida, na durƙusa na yi bayani. A ganinsa kakin da take yi wankin ƙirji ne, madara kuma na kashe dafin hayaƙi; shi ma da ita yake lallaɓa nasa tarin. Tun ranar, kullum sai ya aiko wa jikarsa gwangwani guda. Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ranka ya daɗe, na san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da kuɗin wannan wutar aka biya mini karatun da nake rubuta ƙararsa da shi, kuma ina jin kunyar haka. Amma yarinyar ba ta iya kwanciya sai a jingine.

Ina roƙon a hana ƙona tayoyin, a ba shi wuri nesa da gidaje. Don Allah kada a ƙwace kayansa, kada a ɗaga masa murya gaban yaransa. Kuma kada a ɓoye sunana. In ya tambayi wanda ya kai shi, a ce ɗansa ne.

A huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Ja'afaru Labaran