Man da Aka Canza wa Tsohon Inji

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Malam, an ɗora mini kula da injinan masana'antarmu. Giyabos ɗin babban injin niƙa, wato akwatin haƙoran da ke juya shi, yana zafi har ba ya taɓuwa. Ina so in bar man da aka saba, wanda ake tacewa daga ɗanyen mai, in koma sintetik, wato wanda ake haɗawa da sinadarai. Amma wani dattijon ma'aikaci da muke kira Baba, da ya shekara talatin yana tuƙa injin, ya ce, "Injiniya, wannan tsohon sa'ana ne, kada ki canza masa abinci." Me ka gani?

Ɗalibarka.

'Yata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta mantar da ni ƙafa, har na jawo tsohon littafin darasinmu! Sintetik ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, haƙoran giya kuma za su huta. Tsiyaye tsohon ki zuba sabon, kada ki ji tsoro. Ki ce wa Baba mu tsofaffi ma sabon magani muke sha.

Allah ya yi miki albarka.

Malaminki.

Malam,

Bayan gaisuwa, labarin ba daɗi. Baba ne ya zuba man da hannunsa bisa umarnina. Bayan kwana tara robobin da ke tare mai suka motse, mai ya tsiyaye, haƙora suka cinye juna. Manaja ya ɗora laifin kan wanda ya zuba, aka dakatar da Baba. Baba bai ambace ni ba. Ni ma shiru na yi, Malam.

Ɗalibarka.

'Yata,

Ina gaishe ki. Ɗoki ne ya kwashe ni, ban tambaye ki shekarun robobin ba, alhali ni na koya muku cewa tsofaffin robobi ba sa jituwa da wasu sintetik. Ga takarda na haɗo zuwa ga manaja, na faɗi nawa laifin. Ki kai da hannunki, ki faɗi naki. Zai yi ɗaci, amma na san za ki iya.

Allah ya yafe mana.

Malaminki.

Malam,

Na kai, na faɗa. Manaja ya ce sun riga sun yi odar inji mai kwamfuta, wanda ba ya buƙatar Baba.

Jiya Baba ya zo kwashe kayansa. Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Injiniya, share hawayen nan, mai ne ya zube, ba jini ba. Kama mini akwatin nan."

Na raka shi har bakin ƙofa.

Ka huta lafiya.

Ɗalibarka.