A Sako Mini Faifaina Kafin Asabar

Daga: Ndomè Kingue Mireille (DJ Ndomè)
Gidan da ke bayan famfon unguwa, Bonakwedi, Douala

Zuwa ga: Mai Girma Kantoman Gunduma
Ofishin Gunduma, Douala

Litinin, 11 ga Fabrairu, 2019

Game da: Tsare faifaina biyu da Mai Unguwar Bonakwedi ya yi bisa zargin maita

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya ƙara maka haƙurin zama da mu, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni ce 'yar fari ta marigayi Papa Kingue Ekwalla, wanda masu furfurar garin nan suka sani da Kingue Mai Allura, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana juya faifan kiɗan makossa ƙarƙashin allurar garmaho a gidajen rawa. Ya rasu ranar 20 ga Janairu, kuma bisa al'adarmu ta jinkirta jana'iza, za a binne shi ranar Asabar, 16 ga wannan wata.

Domin maganata ta fito fili, sai na ɗan koma baya. Ruwan da ya shiga gidajenmu a daminar bara ya cinye faya-fayan mahaifina kaf, amma Allah ya sa na riga na kwashe waƙoƙin cikin kwamfuta. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar kwamfuta a bakin komai ba. Cewa yake DJ mai danna maɓalli akawu ne da ya ɓata hanyar ofis. Don haka na sa aka aiko mini da wasu faifai biyu na musamman daga waje. Babu waƙa a kansu, sai wata siririyar ƙara kamar kukan sauro. Ƙarar tana bi ta waya ta shaida wa kwamfuta inda allura take da yadda faifan ke juyawa. In na tsai da faifai da yatsa, waƙa ta tsaya. In na ja shi baya, ta koma baya. Ranar da na ɗora hannun tsohon nan a kan faifan, ya ji waƙar da ruwa ya tafi da ita tana bin yatsunsa gaba da baya, ya yi hawaye, ya ce wai hayaƙin kifin maƙwabta ne. Bai daɗe ba ya bar mini wasiyya a gaban 'yan'uwana: "Ndomè, ranar da za a kai ni, faifai ya juya, hannu na kansa. In kika binne ni da danna maɓalli, wallahi sai na tashi."

Ga ƙorafina:

1. Ranar Alhamis, 7 ga wata, da tsakar rana, ina gwajin kayan sauti a tsakar gidanmu, sai akuyar da surukanmu suka kawo don makoki ta tsinke igiya ta bi ta kan wayar kwamfuta ta cire ta. Waƙa ta yanke, kukan sauron nan ya zarce kai tsaye cikin manyan lasifika. Ban musa ba, ƙarar ba ta da daɗi. Karnukan unguwa sun amsa, wata mai suyar ayaba ta zubar da mai. Amma ko minti ɗaya ba a yi ba na kashe, kuma babu wanda ya ji ciwo.

2. A daidai lokacin, Fasto Nyamsi na Cocin Wuta Mai Ci, da ke tsallaken titi, yana fama da wani aljani tun safe, aljanin ya ƙi ko motsi. Da ƙarar ta tashi mabiyansa suka zube ƙasa, shi kuwa ya samu tsuntsu daga sama gasasshe. Da farko ya ce aljanin ne ya fita da kururuwa. Da ya gane daga gidanmu ƙarar take, ya sake lale, ya ce kiran maitar ekong ne, wai ina tsare da matattun mawaƙa suna yi mini bauta. Hujjarsa ita ce mai waƙar da aka ji kafin ƙarar ya daɗe da mutuwa. Ranka ya daɗe, in haka ne, duk mai rediyo a garin nan maye ne.

3. Da la'asar Mai Unguwa, Cif Eyoum Lobè, ya iso da fasto da 'yan kwamitinsa, ya ɗauke faifaina biyu ba tare da wata takarda ba. Na nuna masa akuyar, tana tsaye tana tauna ragowar wayar, ya ce ba da dabbobi ya zo magana ba. Aka bar jaki ana dukan taiki. Ita dai akuyar hukuncinta ya riga ya tabbata, ranar Asabar za ta haɗu da tukunya, ni ce ban san matsayina ba.

4. Ranar Juma'a, 8 ga wata, kwamitin ya yi abin da ya kira bincike. Suka ɗora faifaina a kan tsohon garmahon Cif a barandarsa, suka ji kukan sauro, suka juya bayansu, suka sake jin kukan sauro. Na roƙi a bar ni in kawo kwamfuta in nuna musu, fasto ya ce ai a cikinta matattun suke kwana. Cif ya yanke hukunci cewa faifan da ke waƙa a hannuna kaɗai, ya yi shiru a hannun dattawa, ba faifan Allah da Annabi ba ne. Da dukkan ladabi ina tunatar da ofishinka cewa wannan Cif ɗin a gaban faifan mahaifina ya nemi auren matar da yake aure yanzu, kuma mahaifina ne ya riƙa maimaita masa waƙa ɗaya har ya daina taka mata ƙafa. Na tuna masa da wannan, ya ce: "'Yata, wancan kiɗa ne, wannan kuwa kukan lahira ne."

5. Wannan ne ya fi ci mini rai. Fasto ya ba da shawara a shanya faifan a rana don abin da ke ciki ya galabaita kafin a ƙona su a cocinsa ranar Lahadi, 17 ga wata. Aka ɗora ɗaya a kan kwanon rufin Cif, cikin zafin ranar Fabrairu. Jiya na gan shi da idona, ya lanƙwashe ya zama kamar kasko, fasto kuma yana nuna wa jama'a cewa aljani ne ke murɗawa. Na biyun ya tsira ne kawai saboda Madam Cif ta ga ya yi daidai da bakin tukunyarta ta miyar ndole, ta ɗauke shi tana rufi da shi bayan miya ta huce. Ina yi mata godiya, ita kaɗai ce a gidan ta ga amfaninsa. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, gobe ko jibi wani zai rufe miya da zafinta.

6. Ba a sayar da irin wannan faifai a garin nan, wanda za a aiko daga waje kuma ba zai iso kafin Asabar ba. Da faifai ɗaya ma zan iya aikin, da wahala dai, amma zan iya. Idan babu ko ɗaya, babu abin da ya rage mini sai in zauna gaban gawar mahaifina ina danna maɓalli kamar akawu.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Kantoma, cikin ƙanƙan da kai, ya ba da umarni a cire faifaina daga kan tukunya a miƙo mini shi kafin Juma'a, ko da da ƙanshin miyar. Ina kuma roƙon a dakatar da ƙonawar Lahadi, a shawarci fasto ya koma kan aljaninsa na asali, wanda har yau ba a ji labarin fitarsa ba. Wanda ya lanƙwashe na yafe, ban nemi diyya ba, Madam Cif tana iya shan gari a ciki. Idan ofishinka yana shakka, a turo jami'i ya ɗora yatsansa a kan faifan ya tsai da waƙa da kansa, in ya so a rubuta shi cikin mayu tare da ni.

Ranka ya daɗe, na yi ta wasa a takardar nan ne don in ban yi wasa ba kuka zan yi, kuma tawada ba ta son ruwa. Mahaifina bai bar mini gida ko fili ba, wannan magana ɗaya ya bari, kuma ina tsoron in kasa cika ta. A sanina da shi, bai taɓa saɓa alkawari ba. Ya ce in aka binne shi da danna maɓalli zai tashi. Ina roƙo a taimaka a sako faifan, kada Bonakwedi ta ga abin da take zargina da shi da idonta.

Ina gayyatar Mai Girma Kantoma zuwa jana'izar. Akwai akuya.

Taka mai biyayya da girmamawa,

Ndomè Kingue Mireille
'Yar Kingue Mai Allura