Hatimina da Sunan Babanmu

Zuwa ga ƙanwata Tokiko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan zafin Brazil bai matsa miki ba, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Kullum da safe idan na kunna turare gaban hoton Mama da Baba, sai na roƙa miki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sanyi ya fara ja baya. Kanae ɗiyata tana lafiya, cikinta ya tsufa, jikana Sota kuma haƙoransa biyu sun fita, sai yashe baki yake yi wa kowa.

Tokiko, zauna kafin ki ci gaba, don labarin murna na kawo miki. An gama! Aurena da Shigeru ya ƙare, kuma na samu rabin fanshonsa na shekarun da muka yi tare. Kin san abin da ya hana ni barci ke nan. Ban taɓa aikin albashi ba, kuma ɗan abin da zan samu da sunana ko hayar ɗaki ba zai biya ba. In bai yarda da rabi ba, sai dai kotu, ko in koma in ci gaba da zama da mutumin da tun da ya yi ritaya ba ya ce mini komai sai shayi, wanka, abinci.

Yayarsa Masako ce ta so ɓata lamarin. Ta zo har gidan Kanae inda nake zaune, ta ce ta gaya wa ƙanenta kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, wai macen da ta fita ta bar kabarin danginsu ba mai wankewa, alhali a al'adarmu aikin matar gida ne, ba ta cancanci rabi ba. Har da yi mini barazana, wai in sani ba ni da wuri a kabarin nan da ake haɗa duk dangi a ciki. Na ce mata na gode, shekara tara na yi ina jinyar uwarsu, ba na buƙatar in kwanta kusa da ita har abada. Kanae sai da ta ruga kicin don dariya. Amma a raina na tsorata, domin Shigeru bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba.

Ranar da muka je ofishin fansho, ya zo cikin kwat ɗinsa ta aiki. Ma'aikaciyar ta tambayi kason da muka amince, ya shiga laluben aljihu. Can sai ya juyo, ya yi mini kiran nan nasa na “ke”, ba suna, wai ina hatiminsa da ake bugawa a madadin sa hannu. Tokiko, yana jakata! Tun ranar aurenmu ni ke riƙe da shi, ni ke buga masa a banki, a makarantar Kanae, a asibitin uwarsa. Na sa masa a tafin hannu, na ce daga yau shi zai riƙa ajiyewa. Ya daɗe yana juya shi, har ya tambaye ni ko tun asali baƙi ne. Sannan ya ce wa ma'aikaciyar ta rubuta rabi, wai sunansa ne kawai a jikin hatimin, amma hannun da ya yi aikin ba nasa ba ne. Da ya zo bugawa kuma, a kife ya buga! Na yi dariya har da hawaye, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya ba ni tausayi.

Wata mai zuwa zan koma garinmu Uwajima. Na kama ɗaki a saman tudu, ana hango teku da gonakin lemo ta taga. Akwai shimfiɗa biyu, saboda haka ki fara neman tikiti.

Ki gaida mini maigidanki Noboru, da yara Emiri da ƙaramin Kaito. Kanae da Sota suna gaishe ku. Ki duba ƙasan takardar nan, za ki ga jan tambari. Sabon hatimina ne, na sa aka sassaƙa mini da sunan Babanmu, Nagayama. Bayan takardar ofis, ke ce ta farko da na buga wa, kuma a miƙe yake.

Taki yayarki,
Fumie Nagayama