Kada Ki Rufe Mini Kifin Nan

Salwa amaryata,

Na tafi Harami, akwai jana'izar wani ɗan Sakkwato bayan azahar. Na leƙa na tarar kina barci.

Kwamfutar nan ta sake yin halinta. Da safe na danna intanet, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa kamar mai ɗawafi, har shayina ya huce shafi bai buɗe ba. Kin ce tsufa ne. Ban yarda ba, ai na girme ta kuma ina tafiya. Ni Yunus na saman bene nake zargi. Tun ranar da ya shigo gaisuwa ya tsaya yana kallon akwatin shabaka mai kawo mana intanet, yana motsa baki kamar mai hadda, abin ya lalace. Ki canza lambar sirrin. Ko kakarki kada ki gaya wa, ta cika kyauta.

Don Allah ki gyara kafin la'asar. Lokacin ne gwaggonki Maryama za ta kira daga Kano ta nuna mini jaririn da aka sa wa sunana. Wancan karon kukansa kawai na samu, hoto ya daskare.

Amma shafukan da na jera a sama, kada ki rufe ko ɗaya, ko da sun matsu har sunansu ba ya karantuwa. Tun azumi nake tara su. Akwai kifi mai fitila a goshi. Akwai garin da rana ba ta faɗuwa, ban gama tunanin yadda suke sallar magariba ba. In kin rufe, ban san hanyar komawa ba.

Kakanki,
Idrisu