Na Sake Busa Ƙaho, Yaya Verdell

Los Angeles,
9 ga Oktoba, 1956

Zuwa ga yayata Verdell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Cleophus da yara. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Mu nan lafiya lau, matata Alberta ma ta warke.

Yaya, zauna tukuna kafin ki karanta: ƙaninki ya shiga faifai! Kin san tun da likita ya cire mini haƙoran gaba ya sa na roba, shekara biyu ban busa ƙaho a gaban mutane ba, sai wankin motoci. To, makon jiya Mista Tillery, shugaban makaɗan jaz ɗin da na yi wa aiki a da, ya tako har wurin aikina. Ya ce za su ɗauki waƙoƙi goma sha biyu da mawaƙiya Odessa Fontenot, kuma mai busa ɗaya ya tsere masa. Na ce leɓena ya mutu. Ya ce ƙarya nake, matata ta gaya masa kullum ina hana maƙwabta sakat da busa a gida.

Haka na amince, na je ɗakin ɗaukar faifai. Mu goma sha uku ne masu busa, ban da mai ganga da mai fiyano. Samarin cikinmu suka yi ta tsokanata, wai Baba ya riƙe haƙoransa kada su faɗa cikin ƙahon. Na yi dariya, na ciro ƙahona daga jaka. A waƙa ta bakwai akwai inda zan busa ni kaɗai, in kai sautin can sama. Karon farko iska kawai ta fito. Na fara neman jakata da ido don in kama gabana. Sai Odessa ta baro wurinta ta zo gabana, ta ce kada in kalli takardar kiɗan, ita zan kalla, duk abin da ta rera in ba ta amsa da ƙahona. Muka sake. Yaya, sautin ya fita tar, har mai ganga ya yi ihu, kuma ihun nasa yana cikin faifan!

Ki gaida Kawu Lucius da Goggo Zenobia. Faifan zai fito kafin Kirsimeti, zan aiko. Na san kunnen Mama ya yi nauyi, don haka idan an zo waƙa ta bakwai ki ɗora tafin hannunta a jikin garmaho, ki ce mata ni ne.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Hosea