Inda Na Binne Duna

Assalamu alaikum Yaya Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Hajara da yara. Yaya ruwan Fatakwal, yaya aiki? Mu nan Roni lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, Duna ya mutu. Karenka da ka bar mini amana, wanda ya tsufa yana gadin garkenmu har haƙoransa suka zube.

Ranar kasuwar Gwiwa na fito da alwalata, sanye da sabuwar shadda, ya taso yana ɗingishi zai shafi ƙafata. Na daka masa tsawa, "Tafi can!" Ya koma gindin turke ya kwanta. Da na dawo da la'asar, a nan na tarar da shi ya sandare. Ni da nake wuni ina lallashin baƙo a kan cinikin akuya, da wannan kalma na sallami Duna.

Ka san mutanenmu, ba a yi wa kare ta'aziyya, jansa ake zuwa juji. Na kasa. Na haƙa rami bayan garke na sa shi. Ina cikin mayar da ƙasa, maƙwabcinmu Malam Audu ya leƙo ta danga: "Habu, me ake binnewa?" Na ce, "Mangwaro zan dasa, Malam." Dole washegari na sayo dashe na kafa a wurin. Kullum ina ba shi ruwa, Malam Audu yana ta yaba himmata.

Ka yafe mini, Yaya, ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku duka. In ka zo, zan kai ka gindin mangwaron.

Ƙaninka,
Habu