Auta Ba Za Ta Daina Shan Magani Ba

Yaya,

Ina yi maka sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya sawwaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan da sauƙi. Inna ta fara cin abinci, maigidana ya koma aiki, ko da yake har yau ba ya bi ta layin da shagon ɗanmu Dogo yake.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Dogo, amma sai makon jiya na gane abin da ya faru. Na kai Auta asibiti, sashen masu ciwon damuwa, inda aka taɓa duba yayanta. Nas ɗin ta shaida ni. Ta ɗauko katin Dogo, ta tambaye ni yaushe ya daina shan maganinsa. Na ce ai tun da ya warke. Sai ta ajiye biro ta dube ni. Yaya, ni ce na kwashe ƙwayoyin. Da ya yi wata biyu yana sha, ya koma aikinsa na kafinta, yana dawowa da garin katako a gashi yana tsokanar ƙanwarsa, sai na ɗauka jiki ya yi daɗi, magani ya gama aikinsa. Na juye sauran a gwangwanin maɓallai don kada abokansa su gani su yi masa dariya. Ashe ba a yanke shi farat ɗaya, sai likita ya ce. Nas ta ce ba wanda zai rantse cewa wannan ne sanadi. Na gode mata, amma ni na san hannun da ya rufe gwangwanin.

Kawu ya kawo min saƙonka, wai in daina kai Auta wurin nan kada a ce gidanmu na mahaukata ne, kuma in ci gaba da cewa zazzaɓi ne ya ɗauke Dogo. Tun ina yarinya ban taɓa yi maka musu ba. Yau kam na yi, ka yafe min. Ɗana shi ya kashe kansa, ciwo ne ya kai shi, Allah ya gafarta masa. Yanzu ga Auta ta bar makaranta, takan wuni a bakin gado tana kallon bango. Na san irin wannan zaman. Na riga na ɓoye ɗa guda don tsoron bakin mutane, kuma ba wanda ya dawo min da shi. Duk safiya ni nake miƙa mata ƙwayar da kofin ruwa, in tsaya har ta haɗiye.

Likitanta yana cikin masu bincike kan ƙwaƙwalwa. Suna son gano dalilin da maganin ke yi wa wani aiki ya ƙi wani, da kuma ko ciwon na bin jini. Sun nemi yardarmu, ita ta ce to, ni na sa hannu. Sun ɗora mata wata hula mai wayoyi, ba zafi. Ta ce min ta koma kamar cikin tsohuwar rediyon Baba.

Ka gaishe min da matarka, da tagwaye, da surukarka. Inna tana sa maka albarka.

Masu binciken sun ba ni takarda in rubuta duk wanda ya taɓa yin irin ciwon a danginmu. Na rubuta Dogo. Na rubuta Baba, da shekarar da ya yi ba ya magana aka ce mana gajiya ce. Saura Goggo ƙarama, wadda ba a ambatonta a gida. Ni ana goyona lokacin da abin ya same ta, kai kuwa ka yi wayo, ka san abin da ya faru. Layinta yana nan ban cike ba, kuma ran Litinin za a karɓi takardar.

Ƙanwarka,
Maman Dogo